In Lakar Rijiya Ta Ɓace, Ina Ta Nufa?

Jama'a, duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato sai a ta da zancen man fetur a Arewa. A bakin tashar jirgin ruwa ta Wara, a kasuwar Yauri, a rumfunan masu kifi da masu albasa, za ka ji 'yan koren masu mulki suna cewa wai saura ƙiris mu ma mu zama masu arzikin mai, talauci ya ƙare, kowa ya miƙe ƙafa. Ba mu ƙi ba, wa ke ƙin alheri? Amma tun da yake jaridar nan ta talakawa ce, yau za mu ajiye zancen man da ba a gani ba tukuna, mu yi zancen laka. Dalili kuwa, kafin ɗigon mai ɗaya ya fito daga rami sai an ɗura masa laka ganga dubbai, kuma ba dukanta ke dawowa ba.

Ga abin da ya tabbata. Dokar man fetur da aka sa wa hannu a watan Agusta 2021 ta lissafa wuraren da ake zaton akwai mai amma ba a kai gare shi ba, a cikinsu har da kwarin Sakkwato da kwarin Bida, ta kuma ware kashi 30 cikin 100 na wata riba ta kamfanin NNPC don neman mai a irin waɗannan wurare. Ran 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, ya buɗe aiki, aka ce akwai mai ganga biliyan ɗaya a wurin. A watan Maris 2023 aka kafa injin haƙa a Obi ta Jihar Nasarawa, a watan Mayu kuma aka koma Barno. A 2025 sai ga sabon shugaban NNPC, Bayo Ojulari, yana cewa za a koma bakin aiki a Kolmani, watau dai aikin ya tsaya bayan an tashi daga biki. Tun kafin wannan duka, an taɓa haƙa rijiya 23 a yankin Tafkin Cadi, ba a sami man sayarwa ba. Ashe haƙa daban, samu daban. Amma ko an samu ko ba a samu ba, laka dai ta shiga ƙasa.

Kada kuma wani ya ruɗe ku. Galibin ƙasar Yauri da Ngaski bisa tsohon dutse take zaune, irin wanda ake samun zinariya a jikinsa, shi kuwa mai ba ya kwanciya a irin wannan dutse. Wurin kwanciyarsa ƙasa ce mai hawa-hawa ta yashi da yumɓu, irin ta kwarin Sakkwato da ke arewa da mu, da ta Bida da ke kudu maso gabas. To, mai tambaya zai ce, in haka ne ina ruwanmu? Ai ruwanmu ne ma zancen. Gulbin Rima da na Zamfara da Gulbin Ka duka haɗuwa suke su faɗa Kwara sama da Yauri, ita kuma Kwara ta zo ta kwanta a Tafkin Kainji. Mu ne a gangare. Abin da aka zubar a kwarin Sakkwato da rani, damina za ta kawo mana shi har inda Basarke ke jefa taru, har inda mata ke ɗiban ruwan girki. In an sami mai, ba a gonarmu za a same shi ba. In an ɓata ruwa, a tukunyarmu za a ɓata shi.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya san yadda aikin nan yake, don kada a rufe masa baki da Turanci. Injin haƙa yana juya dogon bututun ƙarfe ne, mai haƙora a bakinsa, ana ƙara masa tsawo har ya yi zurfin mil biyu ko uku. Ta cikin bututun ake tura laka da famfo, ta fita ta wajen haƙoran, sa'an nan ta hauro ta tsakanin bututun da bangon rami ta dawo sama. Aikinta huɗu ne: ta kwaso tsakuwar da haƙora suka niƙa, ta sanyaya haƙoran, ta tokare bangon rami kada ya rufta, ta kuma danne gas da mai da ruwan gishiri da ke can ƙasa kada su taso da ƙarfinsu. Ana dama ta da wani yumɓu mai kumbura a ruwa, sunansa bantonait, ana kuma ƙara mata garin wani dutse mai nauyi, barait, wanda ya ninka nauyin ruwa sau huɗu da ɗoriya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tilas ne nauyin laka ya rinjayi ƙarfin abin da ke cikin ƙasa, in ba haka ba gas ya taso. Amma da yake ta rinjaya, duk inda ta sami yashi ko dutse mai ƙofofi sai ruwanta ya riƙa tsiyaya ciki. Duk macen da ta taɓa tace kamu ta san wannan: ruwa ya wuce ta cikin ƙyalle, dusa ta tsaya a kai. Haka ruwan laka ke shigewa cikin ƙasa, yumɓun ya manne a bango ya zama yaɓe. In laka mai kyau ce, yaɓen ya fito siriri mai ƙarfi, ya toshe ƙofofin nan da nan, tsiyaya ta tsaya. In ta banza ce, ruwa ya yi ta wucewa, yaɓe ya yi ta kauri yana danƙo har ya riƙe bututu ya ƙi motsi. Ruwan da ya shige kuwa ba ya zama haka kawai. In ya tarar da yumɓun ƙasa sai ya kumbura shi bango ya zube, in ya tarar da dutsen da ke ɗauke da mai sai ya toshe wa man hanya, a kashe dukiya mai yawa a sami rijiya mai rowa.

Ana auna wannan tsiyaya, kuma awon ba wani sihiri ba ne. Ana zuba lakar a wani ɗan kofin ƙarfe mai takardar tacewa a gindinsa, a matsa ta da iska kamar ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota, a jira minti 30, a duba ruwan da ya ɗiga. Yumɓun da ya cika ƙa'ida bai kamata ya zubar da fiye da mililita 15 ba, watau cokalin shayi uku. A rijiyar da ake aikin gaskiya, kullum sai an yi awon nan an rubuta a takarda. Ku riƙe zancen takardar nan, za mu komo kanta.

Wannan tsiyaya ce, mai sauƙi ke nan. Babban bala'i shi ne ran da haƙora suka faɗa tsaguwar dutse ko wani kogo a ƙarƙashin ƙasa, ko kuma laka ta yi nauyi har ita da kanta ta tsaga dutsen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran nan laka ɗungum take tafiya, ana turawa ba ta dawowa, ganga ɗaruruwa su ɓace cikin sa'a guda. In tsaguwar tana kusa da sama, inda ruwan sha yake, to lakar da magungunan da ke cikinta sun shiga ruwan mutane. In tana can ƙasa, sai laka ta ja baya a cikin rami, nauyinta ya ragu, gas ya sami sarari ya taso, wani lokaci har da wuta. Magani biyu aka sani. Na fari, a zura faffaɗan bututun ƙarfe ya wuce zurfin ruwan sha duka, a ɗure bayansa da siminti har sama, kafin a ci gaba da haƙa. Na biyu, a ajiye kayan toshiya a gefen injin, da zarar an ga laka na raguwa a zuba su. Duka biyun kuɗi suke ci da lokaci, kuma nan ne ɗan kwangila mai gaggawa yakan so ya tsuke aljihu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ƙasar Indunusiya, a wani wuri da ake kira Sidowarjo a tsibirin Jawa, ana cikin haƙa rijiyar gas a watan Mayu 2006 laka ta ɓace, gas da ruwa suka taso, alhali ba a zura bututun kariya a sashen ƙasa na ramin ba. Ran 29 ga watan sai ƙasa ta tsage kusa da rijiyar, tafasasshen taɓo ya yi ta malala har ya binne ƙauyuka da gonakin shinkafa da masallatai, mutane dubun-dubata suka rasa gidajensu. Kamfanin ya ce girgizar ƙasa ce da aka yi kwana biyu kafin nan, masana da yawa suka ce haƙar ce. Suna can suna gardama, talakawa suna kwana a rumfunan kasuwa. A Amurka ma, duk da iliminsu, rijiyar Makondo da ke cikin teku ta sha zubar da laka ana cikin haƙarta, simintin da aka ɗura mata bai riƙe ba, ta fashe ran 20 ga Afrilu 2010, ta kashe ma'aikata 11, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya.

Ba sai mun ƙetare teku ba. An sami mai a Oloibiri a 1956. A 2011 masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da rahoton cewa sun auna rijiyoyin sha a wani gari na ƙasar Ogoni, sun tarar da wata guba ta fetur ta ninka abin da aka yarda da shi sau 900. Ba mu ce lakar haƙa kaɗai ta jawo wannan ba, akwai fashewar bututu da malalar mai na shekara da shekaru. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun yi shekara hamsin suna kuka ana ce musu su kawo shaida, su kuwa ba su da takardar da ke nuna yadda ruwansu yake kafin baƙi su zo. Wanda bai auna hatsinsa kafin ya ba da ajiya ba, da wane baki zai ce an ɗiba?

Mu mutanen bakin tafki ba sai an karanta mana wannan darasi ba, a jikinmu aka rubuta shi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Mutum wajen 44,000 aka tayar. Tsohon garin Bussa ya nutse, tsibiran Gungawa da fadamunsu na albasa suka nutse, kaburburan iyaye suka nutse. An ce don ci gaban ƙasa ne, iyayenmu suka yi biyayya suka kwashe kayansu. Wutar ta bi manyan turaku ta wuce bisa kawunansu ta nufi birane, ƙauyuka da yawa na bakin ruwa aka bar su da aci-balbal. Dokar kafa hukumar da za ta kula da yankunan madatsun ruwa sai a 2010 aka yi ta, ta kuma yi kamar shekara goma a aljihun tebur kafin hukumar ta fara aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Laifin iyayenmu ɗaya ne, ba su sami wanda zai gaya musu abin da za su tambaya tun kafin a kafa tubali ba. Mu ba mu da wannan hanzari.

Yanzu ga zancen 'yan kasuwa. Kun san mene ne kayan toshiyar nan da muka ambata? A cikinsu akwai niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itace, da ɓawon gurya, da garin katako, da garin farar ƙasa. Abin da ake zuba wa laka don ta rage tsiyaya kuwa, mafi araha a cikinsu sitaci ne, irin na masara da dankali da rogo. Malaman jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna gwada sitacin rogo da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa a wannan aiki. Ga Jihar Kebbi da injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, ga ɓuntu tsibi-tsibi a bayan kowane injin ƙauye ana cinna masa wuta. Akwai barait a Azara ta Nasarawa da Binuwai da Taraba, akwai yumɓun haƙa a Barno. Duk da haka an yi shekaru ana sauke waɗannan kaya daga jirgin ruwa a Fatakwal da kuɗin waje, har sai a watan Oktoba 2021 Gwamnati ta yi bikin ƙaddamar da barait na gida, shekara 65 bayan Oloibiri.

Ba za mu yaudare ku ba, ba wanda zai ɗauki buhun garin rogo ya kai bakin rijiya a saya. Ɗanyen sitaci yakan yi tsami ya lalace, zafin ƙarƙashin ƙasa ma yakan kashe shi, sai an sarrafa shi. Yumɓunmu na gida sai an gyara shi da wani gishiri mai kama da kanwa kafin ya kumbura yadda ake so. Amma gyaran nan aikin masana'anta ce matsakaiciya da ɗakin awo, bai kai kuɗin bikin buɗe rijiya ɗaya da jiragen sama da rumfuna ba. Dokar 2010 ta ce a fifita kayan gida da ma'aikatan gida a harkar mai. To, manomin rogo na Ngaski ba ɗan gida ba ne?

Kada ku ce duk wannan sai ran da injin mai ya zo. Gwajin yana ƙofar gidanku yau. Rijiyar burtsatse da ake haƙa muku a fadama ko cikin yashi, da irin lakar nan ake haƙa ta. Yaɓen da ya tsare bango lokacin haƙa, shi ne kuma zai hana ruwa shigowa in ba a wanke shi ba. Ɗan kwangila na gari, in ya gama zura bututu, sai ya zuba tsakuwa kewaye da shi, ya hura iska ya yi ta wanke ramin har ruwa ya fito garau, ya ja ruwa sa'o'i masu yawa ya ga ko zai ƙafe, sa'an nan ya ɗure bakin ramin da siminti don kada ruwan kwata da na shadda su gangara ciki. Na banza kuwa, da ya ga ruwa ya tsarto sai ya kira mai hoto, a yanka ƙyalle, a kafa allo da sunan mai girma, bayan wata uku famfo ya koma turken awaki. Kowa ya san irin rijiyoyin nan, ba sai mun nuna da yatsa ba. Mutanen da suka iya tsare ɗan kwangilar burtsatse su ce sai ya wanke rami, su ne gobe za su iya tsare kamfanin mai.

Mun san abin da za a ce. Za a ce 'yan adawa ba sa son Arewa ta ci gaba. Amsarmu ita ce, wanda ya ce a toshe ƙofar rumbu kafin a zuba hatsi ba maƙiyin girbi ba ne. Za a kuma ce wannan zancen injiniyoyi ne, talaka ba zai gane ba. Haka aka ce wa Malam Aminu Kano da 'yan'uwansa a 1950, wai talaka ba zai gane lissafin haraji da baitulmali ba, sai ga shi ya gane har ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga. Matar da ke auna gero da mudu ta san ragi, mai kwale-kwale ya san yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Saboda haka ga abin da muke nema, muna kuma roƙon kowane reshe na jam'iyya, daga Shanga har Wara, ya karanta shi a taronsa na wannan mako.

Na ɗaya, kafin a kafa injin haƙar mai ko'ina a kwarin Sakkwato, a auna ruwan rijiyoyi da na gulabe da na tafki, a ba kowace gunduma takardar sakamakon, a kuma liƙa ta a kasuwa.

Na biyu, dokar 1992 ta ce kafin babban aiki a rubuta rahoton illar da zai yi wa ƙasa da ruwa, a baje shi jama'a su gani su yi magana. Muna so a baje shi da Hausa, a Yauri da Wara, ba a wani ofis na Abuja kaɗai ba.

Na uku, takardar nan ta kullum, mai nuna lakar da aka zuba da wadda ta dawo da magungunan da ke ciki, ta zama abin da wakilan jama'a za su iya gani. Dokar 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Na huɗu, kada a wuce zurfin ruwan sha sai an zura bututun kariya an ɗure shi da siminti a gaban mai duba na hukuma, kada kuma a bar ramin zuba tsohuwar laka a buɗe damina ta same shi.

Na biyar, doka ta ce kamfani ya ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa don garuruwan da yake aiki a cikinsu. Muna so a lissafa garuruwan gangare a cikin masu haƙƙi, tun da su ruwa zai isa.

Na shida, kada majalisar ƙaramar hukuma ta biya ɗan kwangilar burtsatse cikon kuɗinsa sai dattawan unguwa da mata masu ɗiban ruwa sun shaida an wanke rami an gwada shi.

Duk ɗan takarar da ya zo muku da zancen mai, ku ba shi tabarma, ku ba shi ruwa ya sha, sa'an nan ku tambaye shi: ranka ya daɗe, in lakar rijiya ta ɓace, ina ta nufa, wa kuma zai biya? In ya amsa, ku rubuta amsar ku ajiye. In ya yi dariya ya ce wannan ƙaramar magana ce, to kun san matsayin ruwan shanku a wurinsa, ku kuma nuna masa nasa matsayin ran jefa ƙuri'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya tsare mana ruwanmu, ya ba talakawa sawaba, amin.